Inna, Na Buɗe Baki a Asibiti

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah ya ƙara haskaka makwancinki, na san wannan takarda ba za ta taɓa isa hannunki ba. Ko kina raye ma ba karantawa za ki yi ba, tunda ke da boko ba ku taɓa shan inuwa ɗaya ba. Da sai ki juya ta sama da ƙasa, ki ce rubutun kamar sawun kaza, ki ƙulle daddawa a ciki. Amma akwai maganar da ta cika mini ciki, kuma duk faɗin Rawayya ba ni da wanda zan amayar wa sai ke. Na yago tsakiyar littafin makarantar yara, na zauna a gindin rumbu, hantsi bai gama dubawa ba.

Bari in fara da abin da za ki fara tambaya. Ƙawarki, jikarki, tana nan lafiya. Tana tafiya da ƙafafunta biyu, tana cin tuwo da hannunta na dama, bakinta kuma ya fara dawowa. Na sa wannan a gaba ne don na san halinki, in ban faɗa ba ba za ki saurari sauran ba.

Shekara guda da wata biyar ke nan rabonmu. Damina ta yi kyau bana, gero ya yi, sai dai gonakin nesa ba kowa ke iya zuwa ba, kin san yadda daji ya koma. Jar akuyar da kika bar wa ƙawarki ta haifi biyu, kuma ta gaji halin mai ita, ba ta cin dusa kwano ɗaya da kowa. Ɗanki Sani ya koma Tsafe yana kabu-kabu, ya yi ƙiba, har gemu ya fara ajiyewa don a riƙa ce masa Malam. Ɗakinki na Karakkai an zuba dawa a ciki. Na je sau ɗaya, na tsaya a bakin ƙofa, na kasa shiga. 'Yan'uwanki na Bilbis sun zo bayan Sallah, sun ci, sun sha, sun yi ta ba da labarin taurin kanki har muka yi dariyar da ta koma kuka.

To, ga maganar.

Kin san yadda muke ni da ƙawarki. Ni na haife ta, ke kika yaye ta, kuma daga yaye ba ki dawo da ita ba. Ɗiyar fari ce, a gidanmu kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna wa jama'a ta san yana duniya. Haka na buɗe ido na gani. Ni ma ɗiyarki ta fari ce, kuma har kika koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinki ba. In kina nemana sai ki ce da Sani ya kira waccan. Ba tuni nake miki ba, Inna. Ina so ne ki gane inda na tsaya lokacin da abin ya zo.

Da aka gano yarinyar tana da sikila, wannan amosanin jini mai sa ƙashi ciwo, ke kika zame mata komai. Kowane wata ki goya ta zuwa asibiti a Bungudu, da ta girma ki riƙe hannunta. Ke ke riƙe da katinta, ke kika san maganinta, ke ke faɗa da malaman asibiti in sun yi jinkiri. Ni nawa in ji a bakin mutane cewa an kwantar da ita, in ce Allah ya sawwaƙe kamar ɗiyar maƙwabta, in shiga ɗaki in kifa kaina a kan gado. Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba. Na yi kishinki. Na yi fushi da ke shekara da shekaru, ina ganin kin ɗauke mini ita, kin kuma bar ni da kunyar da ta hana ni ko tambaya.

Da kika rasu aka dawo mana da ita tana shekara goma sha biyu. Ta shigo gidan ubanta kamar baƙuwa, da ƙullin kayanta da akuyarta. Yarinyar da kike cewa bakinta ya fi na ɗan kasuwa sai ta koma shiru. In ciwo ya taso mata ba ta faɗa wa kowa, sai ta nemi lungu ta naɗe. Wa za ta faɗa wa? Matar da ba ta taɓa kiran sunanta ba?

Na gwada sau ɗaya, don kada ki ce ban gwada ba. Wata biyu bayan rasuwarki ƙafarta ta tashi, babansu ba ya gari, na ɗauke ta na kai ta wani ɗan asibiti da ba sai na faɗi inda yake ba. Wani saurayi ne a kan tebur, ko ɗaga kai bai yi ba ya tambaye ni sunan yarinya. Na yi shiru. Ya sake tambaya, na dubi ƙasa, ina jira ita ta faɗa, ita kuma ciwo ya hana ta. Sai ya ɗaga murya a gaban mata cike da benci, ya ce wace irin uwa ce ba ta san sunan ɗiyarta ba, ko dai satota na yi. Wasu suka yi dariya, wasu tsofaffi da suka gane suka sunkuyar da kai. Na karɓi maganin, na fito, na yi wa kaina alkawari ni da asibiti sai dai in a kwance aka kai ni. Kin san wa na gado a taurin kai. Daga nan zuwan wata-wata ya tsaya, katinta ya yi ta kwana a ƙarƙashin kwalla.

Sai ga lokacin girbin gyaɗa. Wata safiya yara suna shan kunu a tsakar gida, ni ina gindin murhu. Na ga ludayi ya suɓuce daga hannunta na dama. Ta kai hannu za ta ɗauka, yatsun suka ƙi kamawa, sai ta yi sauri ta ɗauka da hagu ta ɓoye daman a cikin zane. Auta ta tambaye ta wani abu, ta amsa da harshe mai nauyi, gefen bakinta ya ɗan zube. Kafin a yi sallar raka'a biyu abin ya wuce, ta ci gaba da shan kununta. Babu wanda ya lura sai ni. Bayan kwana biyu ya sake faruwa tana ɓarar gyaɗa, wannan karon ya ɗan fi daɗewa.

Inna, kin san abin da na yi? Na ƙara ice a wuta. Ban je wurinta ba. Da yamma na ce da babansu yayar su Auta kamar ba ta jin daɗi. Iyakar abin da bakina ya iya fitarwa ke nan. Ya ce zai faɗa wa Gwaggo Asabe.

Kin san Gwaggo Asabe, yayar babansu, wadda in ta fara magana rediyo ma sai ya saurara. Tun da kika tafi ta naɗa kanta mai magana da yawun yarinyar. Ba mugunta gare ta ba, tana son ta, sai dai ba ta taɓa yin shiru ta kalli abu ba. Washegari ƙawarki ta tashi da zazzaɓi da ciwon kai, Gwaggo ta yafa gyale ta ce a tafi Bungudu. Ni na bi su a matsayin mai riƙon tabarma da filas ɗin ruwan zafi. Alkawarin da na yi wa kaina na haɗiye shi a hanya.

Malama Rahila muka tarar, doguwar nan mai tabarau da kike kai wa kuka da daddawa, kina tsokanarta wai allurarta ta fi ta kowa zafi. Da ta ga yarinyar sai ta taso daga kujerarta ta riƙe ta. Ta yi mana ta'aziyyarki kamar jiya kika rasu. Ta buɗe katin, ta ga watannin da ba a zo ba. Na sunkuya ina jiran faɗa. Ba ta yi ba, ta dai ce alhamdu lillahi da aka zo yau.

Ta fara tambaya, Gwaggo tana amsawa tun kafin tambayar ta ƙare. Zazzaɓin ƙarshen damina ne, sauro ne, kowa a unguwa ya yi shi. Malama ta tambaya ko an ga hannu ko ƙafa ya saki, ko magana ta canza, ko baki ya karkace. Gwaggo ta ce sam, Allah ya kiyaye, lafiyarta lau. Aka juya ga yarinyar, ta dubi yatsun ƙafarta ta ce babu. Ni ina rakuɓe a bakin ƙofa. Na ga Malama ta ɗauki biro za ta rubuta maganin zazzaɓi a sallame mu. Na san in muka fita da wannan takarda, abin da na gani zai dawo karo na uku. Amma in na buɗe baki a gaban yayar mijina, kafin magariba duk dangi sun ji cewa na zubar da kunya, ina ƙirga numfashin ɗiyar fari kamar ni kaɗai na taɓa haihuwa. Yau da nake rubutawa abin yana ba ni haushin kaina. A ranar kuwa ji nake kamar an ce in tuɓe zane a kasuwa.

Ban san ina murɗa murfin filas ina kwancewa ba sai da na ga Malama ta dube ni ta saman tabarau. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ta ajiye biron. Ta ɗibi jinin yarinyar a 'yar kwalba, ta miƙa wa Gwaggo, ta ce tana neman mai baki da zai kai ɗakin gwaji ya tsaya a kai, don in ba a samu tsayayye ba sai a wuce da mutum a layi. Gwaggo ta gyara gyale ta fita kamar an ba ta sarauta. Malama ta kwantar da ƙawarki a gadon bayan labule, ta lulluɓe ta, yarinyar ta rufe ido.

Daga nan Malama ta tura ƙofa. Ba ta koma bayan tebur ba, ta jawo benci ta zauna a gefena, ta ɗauko auduga tana mulmulawa ƙanana-ƙanana, idonta a kan aikinta. Ko sau ɗaya ba ta kalle ni ba, kuma wannan ne ya sa na iya numfashi. Ta ce ita minti goma take ganin yarinyar nan a wata, sauran kwanakin da idon Inna take gani, yanzu kuwa Inna ta tafi ta bar ta makauniya. Ta ce ba za ta tambaye ni komai game da ɗiyata ba, ta san abin da ya dace. Yarinyar Inna take tambaya, amanar da marigayiya ta bari, ko akwai wani a gidan da idonsa ya taɓa faɗawa kanta. Ta ce duk abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan zai kwana, ba zai bi ni gida ba.

Yarinyar Inna. Kin ji dabara? Ɗiyata ba zan iya magana a kanta ba, amma yarinyarki, amanarki, wa zai hana ni?

Na fara da ludayi, muryata kamar ta mai raɗa. Na faɗi ranar, na faɗi hannun, na faɗi tsawon lokacin. Na faɗi na ɓarar gyaɗa. Daga nan kuma, Inna, bakin ya ƙi rufuwa. Na faɗa mata cewa idon yarinyar daga kusurwar ciki yake fara yin rawaya, kwana biyu kafin ciwo ya taso. In bayanta ne sai ta ciji leɓen ƙasa, in gwiwa ce sai ta riƙa taka gefen ƙafa. Ba ta shan ruwa ranar makaranta don ba ta son bayin can. Ruwan sama in ya taɓa ta da yamma, gobe ba za ta tashi ba. Na faɗi abin da na gani tun tana rarrafe, duk zuwan da nake yi Karakkai da sunan gaishe ki, ina zaune na ba ta baya, ina kallonta a cikin madubin da ke jingine a kan kwallarki. Shekara goma sha uku na kallo ta wutsiyar ido na zube a gaban matar nan. Hawaye ya jiƙe mini hijabi. Ita tana ta mulmula auduga, sai can ta jefa 'yar tambaya, ta ci gaba da aikinta.

Da na gama ba ta ce kada in damu ba, kuma na gode mata da hakan. Ta faɗa mini gaskiya tsirararta. Ta ce abin da na gani gargaɗi ne na shanyewar ɓarin jiki, jinin ne ke neman toshe hanya a cikin kai, ya yi sallama sau biyu, na uku ba lalle ya koma ba. Ta ce wannan ya fi ƙarfin ɗakinta, sai Gusau, kuma yau, kafin la'asar, tunda yanzu ba a son bin hanya da yamma. Sannan ta nemi izinina. Ni, Inna, ma'aikaciyar asibiti ta nemi izinina! Ta ce za ta gwada hannun yarinyar da kanta, in ta ga alama za ta faɗa wa Gwaggo da babansu abin da ita ta gani, ba za ta yi ƙarya ba, ba kuma za ta ambace ni ba. Ta tashi ƙawarki ta ba ta yatsunta ta ce ta matse da hannu biyu. Na dama bai kai na hagu ba.

Gwaggo ta dawo da takardar gwaji ta ji zancen Gusau, ta ce a bari sai gobe, mai gida yana gona. Malama ba ta yi gardama da ita ba. Ta karɓi lambar babansu ta kira shi da wayarta, ta gaishe shi da aiki, ta yi masa bayani dalla-dalla har ya ce mu wuce zai biyo mu. Ina tsaye ina jiran in ji ta ce uwar yarinya ce ta faɗa. Har ta kashe wayar ba ta ce ba. Ni kuwa na naɗe tabarma na riga kowa zuwa bakin titi tsaida mota.

Kwananmu tara a Gusau. Malama ta riga ta kira su tun muna hanya, ta kuma rubuta wani abu a ƙasan takardar da ta ba mu. Ban san abin da ta rubuta ba, na dai ga aikinsa. Likitan wani saurayi ne ba Bahaushe ba, Hausarsa kamar mai tafiya a kan ƙaya. Kullum da safe zai gaida Gwaggo da girmamawa, ya saurari jawabinta har ƙarshe, sannan ya ce yana son mai riƙon filas ta zo ta karɓi wani saƙo. In mun fita baranda sai ya dubi bango ya tambaye ni yaya yarinyar Inna ta kwana. Ranar farko na kusa yin dariya duk da halin da nake ciki. Ya zana mini hoton jijiya a bayan takarda, ya nuna mini inda jini ke cunkushewa, ya ce in ban gane ba in tsayar da shi, laifin Hausarsa ne ba na kaina ba. An yi mata hoton kai, an yi mata ƙarin jini. Sani ya zo daga Tsafe da abokan sana'arsa uku, aka gwada, na mutum biyu ya dace. Ranar da za a sallame mu likitan ya ce da mun ƙara kwana biyu a gida, da wata maganar ake yi yanzu. Na shiga bayi na rufe ƙofa na yi kukan da ban san na farin ciki ne ko na tsoro ba.

Yanzu tana shan magani kullum, kuma kowane wata muna zuwa. Ni ke riƙe da katin. Ba wanda ya ba ni, na dai ɗauka, kuma ba wanda ya ce in ajiye.

Zuwanmu na farko Bungudu bayan sallama na kai wa Malama Rahila kuka da daddawa, don kada a ce al'adarki ta mutu. Da muka keɓe na tambaye ta a ina ta koyi wannan dabara, ita da ba a irin gidajenmu ta tashi ba. Ta ce lokacin da aka fara turo ta nan ita ma faɗa take yi wa mata masu shiru, tana ɗauka rashin kula ne. Wata tsohuwa ce ta koya mata hankali. Wai kowane wata in tsohuwar ta gama abin da ya kawo ta, sai ta tsaya tana gyara ɗaurin kallabi, ta ce akwai ɗiyar maƙwabciyarta da ke aure a Rawayya, tana da ciki, ƙafafunta sun kumbura, tana yawan dafe kai, ko me ya kamata a yi. Wani watan ta ce ɗiyar maƙwabciyar ta rame. Wani watan ta ce tana tari. Na tambayi sunan tsohuwar. Malama ta ce abin da aka faɗa a ɗakinta a ɗakin yake kwana, ta ci gaba da rubutunta.

Inna, wace maƙwabciya gare ki da ke da ɗiya a Rawayya? Na bi gidajen Karakkai ɗaya bayan ɗaya a cikin kaina tun daga Bungudu har gida, ban samo ta ba. Sai na tuna cikin Auta, ranar da Sani ya diro da babur ba zato ya ce in shirya an ce ya kai ni awo, aka tarar jinina ya hau har aka kwantar da ni. Duk shekarun nan babansu nake gode wa. Shi kuma bawan Allah ya karɓi godiyar bai san ta mece ce ba. Ashe duk lokacin da na zo gaishe ki kika juya mini baya kina tsintar shinkafa, kin ga ƙafata? Ashe kin ga ina dafe kai? Me ya sa ba ki faɗa ba? To, ni ma me ya sa ban faɗa ba? Ki yafe mini fushin da na yi da ke. Ni na yafe, ban ma ga abin yafewa ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na ɗauki biro yau.

Shekaranjiya da safe ina tankaɗe a tsakar gida, sauran yara sun tafi makarantar allo. Ƙawarki ta fito daga ɗaki, ta yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman abin da ya ɓata, sannan ta zo ta zauna a bakin tabarmata. Ba ta taɓa zama kusa da ni haka ba. Ta ce gwiwarta ta hagu ta fara tun asuba. Ta ce ta san na riga na gani, tunda tana taka gefen ƙafa, amma Malama ta ce a riƙa faɗa da baki. Rariya ta tsaya a hannuna. Ta dubi garin da ke cikin ƙwarya ta ce ranar nan a bayan labule ba barci take yi ba. Ta ji komai, har zancen madubi. Ta ce ita da ta ɗauka duk duniya mutum ɗaya ke ganinta, kuma an binne ta.

Na ture ƙwaryar gefe, na ɗebo ruwan ɗumi a tukunya, na ɗora ƙafarta a kan cinyata, na fara gasa mata gwiwar da tsumma. A tsakar gida, Inna, ido na ganin ido, ba bayan ɗaki ba. Muna haka sai ga sallamar Gwaggo Asabe. Hannuna ya so ya janye da kansa, yarinyar ma na ji ta ɗauke numfashi tana jira ta ga abin da zan yi. Ban janye ba. Gwaggo ta tsaya a kanmu, ta dube ni, ta dubi ƙafar, ta daɗe. Can ta sunkuya ta tsoma yatsa a cikin kwanon, ta ce ruwan ya huce, ta ɗauka ta nufi murhu.

Ki kwanta da sauƙin zuciya, Inna. Yarinyarki ta samu wanda za ta faɗa wa. Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya sa Aljanna ce makomarki, ya haɗa fuskokinmu a inda babu ciwo. Sai mun zo.

Taki har abada,
Ɗiyar maƙwabciyarki da ke aure a Rawayya.